Diski na Biyu Daga Dama

Sau ɗaya na taɓa zare diski mai rai na bar matacce a cikin inji. Hotunan auren mutane suka tafi ranar, ba su dawo ba. Sau ɗaya kuma saura ƙiris a yi irin wannan a gabana, a kan abin da ya fi hoto nauyi. Ku da kuke cewa canza diski aikin minti biyar ne, a zare tsoho a tura sabo a karkaɗe hannu, ku zauna ku ji duka biyun.

Sunana Ilu. Ban yi boko ba. Allo na yi, shi ma ban sauke ba. Motar albasa ce ta kawo ni Abidjan daga Ƙauran Namoda ina saurayi, na fara da dako a tashar Adjamé. Kusa da inda muke hutawa akwai teburin wani mai gyaran rediyo, Kwami, mutumin Lome. Kullum in na sauke kaya sai in tsaya a kansa ina kallo. Wata rana ya ce da ni da yaren Jula, don a nan kawai bakinmu ya haɗu, tunda na saba tare masa haske gara in tare shi ina aiki. Ya miƙo mini buroshi. Haka na shiga sana'a.

Wata uku ina share ƙura. Sannan ya ba ni doguwar sukuddireba mai ƙotar katako. Ba don kwance noti ya ba ni ba. Ya kunna wata rakoda, ya ɗora bakin sukuddirebar a kan ƙaramin injin da ke juya kaset, ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnena.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, patron."

Ya make mini ƙeya. "Koma ka ji."

Ƙeyata ta sha hannu kafin kunnena ya buɗe, amma ya buɗe. Na fara rarrabe ƙarar bel da ya saki da ƙarar ƙarfen da ya bushe yana neman mai. Dokar Kwami uku ce, kuma a jere take: kunne, hannu, sannan ido. Ka saurara, ka taɓa ka ji zafi ko rawa, daga baya ka duba. Yakan ce ido ya cika saurin yarda.

A wannan zamanin na san Malam Barau. Yana tafsirin azumi a zauren gidansa a unguwar Treichville, layi biyu daga babban masallaci, kuma lasifikarsa kullum cikin kuka take. Aka ce a nemo Bahaushe mai gyara, aka nemo ni. Daga gyaran lasifika aka ɗora mini ɗaukar karatun a kaset. Kowane azumi, da azahar ta wuce, sai in shiga tasin haɗaka, woro-woro, da rakoda a cinya in haye gada. Malam ba dogo ba ne, muryarsa ma ba babba ba ce. Amma in ya fara, mai sayar da garba, wato garin rogo da soyayyen kifi, na bakin layi yakan saki baki har kifinsa ya ƙone a cikin mai.

Da kwantenoni suka fara sauke tsofaffin kwamfutocin Turai, waɗanda 'yan gari ke kira France au revoir, wato sai wata rana Faransa, Kwami ya ƙi taɓa su. Ya ce abin da ba ya waƙa ba abokin aikinsa ba ne. Ni na buɗe ɗaya. Na ga fanka, na ga wayoyi, na ga wani ɗan akwatin ƙarfe da abu ke juyi a cikinsa. Na ɗora masa sukuddireba, na ji yana magana. Wannan shi ne diski, rumbun da kwamfuta ke ajiye komai. Rubutun da ke fitowa a gilashi kuwa haddace shi na yi kamar yadda ake haddace fuskokin mutane: wannan fuskar lafiya ce, wannan ta ciwo, wannan ta mutuwa. Lambobi kam ɗan dako ya san su.

Daga baya na kama shago na kaina a cikin kasuwar kayan wuta ta Adjamé, na koyi gyaran saba, wato babbar kwamfutar ajiya mai diski da yawa. Ga yadda take, ga wanda bai sani ba. Diski huɗu ne ke ɗauke da kaya guda. Duk abin da aka ajiye sai a yanka shi a raba musu, kowanne kuma yana riƙe da ɗan bayanin abin da ke hannun 'yan uwansa. Kamar 'yan dako huɗu ne da firiji a kan matakala. In ɗaya ya zame, ukun za su riƙe suna zufa har a kawo wani. In biyu suka zame, sai a zo da tsintsiya. Saboda haka duk aikin yana kan abu guda: ka san wanda ya zame, kada ka janye wanda ke riƙe.

Aikin mai hoto na Williamsville ne ya koya mini wannan. Sabarsa ta fara ƙara, gilashi ya nuna lamba ɗaya ce ta mutu. Ina sauri, ana jirana wani wuri. Na ce ɗaya ai na farko ke nan, na zare shi injin yana kunne. Ƙarar ba ta tsaya ba. Gilashi ya cika da jan rubutu. Ban san inji daga sifili yake fara ƙirga ba, ɗayansa shi ne na biyuna. Na mayar da diskin da sauri, na danna abin da bai kamata ba, na ƙarasa abin da ya rage. Duk wannan sukuddirebar tana aljihuna.

Mai hoton bai zage ni ba. Ya zauna a ƙasa ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon cikinta. Da ya tashi ya ce, "Asabar, ƙarfe bakwai. Kai za ka riƙe fitila."

Wata huɗu ina bin sa gida-gida duk ƙarshen mako, muna roƙon amare su sake sa kayan biki a sake ɗauka. Wasu sun yarda, wasu sun rufe ƙofa. Wata ta fito rigar ta ƙi rufuwa, cikinta ya tsufa, ta ce a ɗauka haka, ai shi ma ɗan biki ne. Wani ango ya ce sun rabu, mun hutar da shi yagawa. Labari ya kai wa Kwami. Ya miƙo hannu ya make ƙeyata, ina da gemu da 'ya'ya biyu.

Sabar Malam Barau ni na haɗa ta da hannuna. Kasetinsa sun cika ɗaki, ga danshin lagun, ruwan da ya ratsa gari, yana shiga kwali yana fumfunar da su, wasu zaren ya fara manne wa juna. Ɗalibansa 'yan kasuwa suka ce a juye komai a kwamfuta. Suka sayo diski huɗu sababbi, da na biyar na ko-ta-kwana wanda na ajiye a shagona. Akwatin kuwa tsoho ne na tsinto a kasuwa, wayoyin cikinsa ni na jera su ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda ina juye kaset. Daga baya aka kawo kyamara, karatun ya koma har da hoto. Da aka gama, aka kwashe kwalayen kaset zuwa shagona don ana bukatar ɗakin.

Ranar da na kunna masa, Malam ya zagaya akwatin yana dubawa. "Ilu, wannan abu amintacce ne?"

"Huɗu ne ke gadinsa, Malam."

"To Allah ya tsare masu gadin."

Ban yi wani kwafi na ajiye a wani wuri ba. Na ɗauka ai kaset suna nan. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Malam ya rasu kafin gari ya rikice, Allah ya hutar da shi gani. Shekarar rikici ba zan ja ta ba, wanda ya zauna a Abidjan ya san ta. Kasuwa a rufe, gada ba ta hayuwa, makonni muna cikin tsakar gida a Williamsville. Abin dariya, rediyo ce ta ciyar da ni. Kowa ya zaro tsohuwar rediyonsa daga ƙarƙashin gado yana son jin labarai, ni kuma ina gyarawa ana ba ni shinkafa, ana ba ni acake, dambun rogo, wani ya ba ni kwalbar manja. Da hanya ta buɗe na je shago. Babu ƙofa, babu kanta. Abin da ba a ɗauka ba an cinna masa wuta. Kwalayen Malam sun narke sun zama dunƙule guda baƙi. Na tsaya na kalla, na juya. Kwami ya riga ya koma Lome. Abin da ya rage mini a sana'a shi ne sukuddirebarsa, don tun ranar mai hoto ba ta barin jikina.

Saura sati uku azumi Rakiya ta kira ni. Ita ce autar Malam, haifaffiyar Treichville, ta yi karatun kwamfuta mai zurfi, tana aiki a wani kamfani a unguwar Plateau, nan Abidjan. Hausarta rabi da rabi ce da Faransanci, Tonton take ce mini, wato kawu.

"Tonton Ilu, sabar Baba tana tak-tak. Ina so in kwafe kayan, kwafin yana tsayawa."

Ta ce ɗaliban Malam sun yanke shawara. Azumin bana ba za a ɗora kowa a buzunsa ba, karatunsa za a kunna a zauren, a lokacin da ya saba. An riga an sanar a masallaci.

Da na shiga ɗakin, ƙamshi ne ya fara tarar ni. Sabar tana kan tebur, an lulluɓe ta da farin leshi har ƙasa, ga kaskon turaren wuta a gefenta. Hajiya Tabawa, matar Malam, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa.

"Hajiya, wa ya lulluɓe injin nan?"

"Ni. Muryar Malam ce a ciki. In bar ta a tsirara kamar buhun gawayi?"

"Tun yaushe?"

"Tun sadakar arba'in. Turaren kuma Alhamis da Juma'a ne kawai."

Na ɗaga leshin na ɗora hannu. Kamar kaskon waina. Fankokin sun yi danƙo, ruwan ƙasa, suna juyi da ƙyar.

"Hajiya, injin nan numfashi yake yi. Kin toshe masa hanci."

"Shi Malam da ransa ba da rawani yake numfashi ba?"

"Malam babu fanka a cikinsa."

Rakiya ta juya baya tana dariya. Hajiya ta ce mu yi ta yi, ita dai ta san ladabi. Amma ta tashi da kanta ta fitar da kaskon.

Ciwon a fili yake. Diski ɗaya yana gargara, bai mutu ya huta ba, kuma duk lokacin da aka nemi wani abu sai ya riƙe sauran. Shi ya sa kwafin ke tsayawa. Dole a fitar da shi, a samo wani mai girmansa. Na ce kada kowa ya taɓa, kada a kashe, zan dawo Asabar.

Neman diskin ya ci mini kwana biyu a Adjamé. Sabo babu, kaya ba su fara sauka sosai ba. Sai na hannu, a kan tebura, a cikin kwali, wasu a kan buhu a ƙasa. Duk wanda aka ba ni sai na sa an jona masa wuta na saurara. Masu sayarwa suka fara kira, "Ga dokta ya zo, a fito da marasa lafiya." A tebur na ƙarshe wani mai jar hula ya miƙo mini ɗaya. Na juya shi. A kusurwa akwai ɗigon koren fenti. Duk diskin da ya kwana a shagona ina ɗiga masa wannan. Na ko-ta-kwanan Malam ne.

"Wannan daga ina?"

"Daga Faransa, vieux père. Jiya ya sauka."

"Ya biya ta shagona a hanya ke nan."

Ya dube ni, na dube shi. Ya rage kuɗin da kansa ban tambaya ba. Na saya. Na saurare shi, muryarsa sumul, ba a taɓa sa shi aiki ba. Ban taɓa jin daɗin sayen kayana ba sai ranar.

Asabar da hantsi muka tsaya a gaban injin. Diski huɗu a jere, kowanne a cikin aljihunsa mai ɗan makulli da ake dannawa da yatsa. Akwatin tsoho ne, ba shi da fitilar da ke nuna wanda ya mutu. Rakiya ta karanta gilashi.

"Lamba ɗaya ce. Kada ka ce komai, Tonton, na san labarin mai hoto, duk Treichville ta sani. Daga zéro yake farawa." Ta ɗora yatsa a na farko daga hagu. "Zéro." Ta matsa na kusa da shi. "Un. Voilà."

Babban yatsanta yana kan makullin. A littafi daidai take. Ni ma na gyaɗa kai. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu.

"Dakata."

"Tonton, wannan zamanin ya wuce."

"To bari in yi masa sallama."

Na ɗora sukuddireba a kan wanda ta zaɓa. Yana gunji a hankali, ba gargada. Na matsa kan maƙwabcinsa, na uku daga hagu. Tak. Shiru. Tak, tak. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Na sake komawa, na sake dawowa. Na taɓa su da bayan yatsa. Maƙwabcin ya fi zafi.

"Ba naki ba ne. Na kusa da shi ne."

"Suna manne da juna, ƙara tana bin ƙarfe. Inji ba ya ƙarya."

"Ban ce yana ƙarya ba."

"To kunnenka fa? Shekararka nawa yanzu?"

"Ban ƙirga ba, ko daga sifili ko daga ɗaya."

Ta ce a kashe injin, a zaro su ɗaya-ɗaya a duba lambar jikinsu. Na ce a'a. Tsofaffin diski da suka yi watanni suna dahuwa, in suka kwanta ba lallai su tashi ba. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Ita ma ta san wannan. Amma ba ta ɗauke yatsanta ba.

Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Ku biyun nan, wa zan bi? In aka zare ba daidai ba, me zai faru?"

Rakiya ta ce, "Shi ke nan, Inna. Kaset sun ƙone. Babu wani wuri a duniya da muryar Baba take sai nan."

Hajiya ta ajiye faifan shinkafar a ƙasa. Ta dubi injin, ta dubi 'yarta. "Ɗauke hannunki. Kada wanda ya sake taɓawa sai bakinku ya zo ɗaya."

Hanya ɗaya ta rage, a bi waya. Na kwance murfin gefe a hankali injin yana aiki, na haska tocila. Jajayen wayoyi huɗu, sun harɗe, turare ya yi musu riga. Yatsuna sun yi kauri, na Rakiya ne za su shiga. Ta nemo ramin da aka rubuta wa sifili a jikin allon injin, ta kama wayarsa da yatsa biyu, ta bi ta sannu a hankali ba ta ja ba. Wayar ta wuce na farko. Ta wuce na biyu, ta wuce na uku. Ta je ta tsaya a diskin ƙarshe, can hannun dama. Rakiya ta koma farko ta sake bi. Nan dai ta sake tsayawa.

"Tonton, wa ya haɗa injin nan?"

"Ni."

"Daga dama ka fara?"

Sai a lokacin na tuna. Ranar da nake jera wayoyin Malam yana tsaye a kaina. Na yi bismillah na fara daga dama, kamar yadda nake sa takalmi, kamar yadda nake alwala, kamar yadda ake miƙa hannu in an shiga zaure. Ban yi tunani ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Sauran sabobin da na gyara a rayuwata na kamfani ne, a jere suke zuwa daga hagu. Wannan kaɗai na jera da kaina, kuma na manta. Lamba ɗaya a injin Malam shi ne na biyu daga dama. Gilashi bai yi ƙarya ba, kunne ma bai yi ba.

Hajiya ta ce, "To da daga ina zai fara? Daga hagu, a gidan Malam?"

Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙasa tana kallon babban yatsanta. Can ta miƙo hannu. "Ba ni abin nan."

Na nuna mata inda ake dannawa a bayan kunne. Ta ɗora a kan wanda ta zaɓa da farko, ta ɗora a kan maƙwabcin. Ta daɗe.

"Me ya ce?"

"Ya ce tak-tak."

Ita ta zare shi, na biyu daga dama. Ƙarar ta ɗauke. Ukun suka ci gaba da gunji.

Na ɗauko mai koren fenti zan tura, ta riƙe mini hannu. "A'a, Tonton. Kwafi tukuna."

Na ce haka nake yi kullum, a sa sabo ukun su cika shi. Ta ce cika sabon yana sa ukun su karanta kowane lungu na cikinsu ba hutawa, kuma rana ɗaya aka saye su, hayaƙi ɗaya suka sha. In wani ya faɗi a tsakiya fa? Gara a fara kwashe karatun, mafi tsufa a gaba, ko me ya faru an tsira da wani abu. Na ce ni na fi ta daɗewa a aikin nan.

"Eh. Wa ya bar Baba da ajiya ɗaya tak duk shekarun nan?"

Na mayar da diskin cikin ledarsa.

Kwana biyu kwafin ya ci, a kan diski biyu na waje da ta kawo. Muka wanke fankoki ɗaya-ɗaya, Hajiya ta ba da fankar ɗakinta aka saita wa injin. Batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke minti goma kawai yake kaiwa, don haka muka roƙi telan da ke maƙwabtaka ya bar janaretansa a shirye. Sau ɗaya aka ɗauke, Lahadi da rana. Telan ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura ya shigo da gudu da waya a kafaɗa, yana cewa shi ma a zauren nan ya koyi Fatiha. Da kwafi ya kammala na tura sabon diski. Ya kwana ɗaya yana cika. Lambar da ke gilashi tana tafiya kamar gbaka, bas ɗin haya, a cunkoson Adjamé, amma ta kai ɗari, rubutu ya koma kore.

Rakiya ta ɗauki alƙalami mai kauri ta rubuta lamba a goshin kowane aljihu, daga dama. Kwafi ɗaya ta kai wurin aikinta. Ɗaya aka naɗe a zani aka ba direban motar albasa ya kai wa ƙanen Malam a gida.

Hajiya ta ce a kunna mata ɗaya ta ji da kunnenta. Rakiya ta zaɓo daga cikin mafi tsufa, na zamanin kaset. Aka ji shuu, aka ji tarin mutane, sai lasifika ta saki wani dogon kuka. Sai muryar Malam, kamar yana ɗakin.

"Ina mai rediyon nan? Ilu, lasifikarka ta fi ni son wa'azi. Ka roƙe ta ta bari in gama, sai ta ɗora."

Zauren cikin kaset ya fashe da dariya. Wata siririyar murya ta ce, "To, Malam, yanzu-yanzu."

Hajiya ta yi dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta ce a mayar baya. Aka mayar sau uku.

Rakiya ta ce, "Tonton, wannan muryarka ce? Kamar sauro."

"Yunwa ce. Azumi ne."

Ran ɗaya ga azumi zauren ya cika har layi. An shimfiɗa buzun Malam, an ɗora lasifika a kusa da shi. Rakiya ta danna daga ciki. Malam ya yi bismillah, bai kai ƙarshen aya ta farko ba lasifikar ta saki kuka, ta yanzu, ba ta kaset ba. Duk zauren ya juyo yana kallona, tsofaffin cikinsu suna murmushi. Na tashi na gyara. Da na leƙa waje, mai garba ya saki baki, kifi yana hayaƙi a cikin mai.

Ban sake kama shago a Adjamé ba. Yanzu ina Treichville, teburina yana bakin zauren Malam, Hajiya ce ta ba ni wurin. Ina gyaran kwamfuta, ina gyaran rediyo in an kawo. Leshin yana kan akwatin littattafai, turare kuma a tsakar gida ake kunna shi. Rakiya ta sayi doguwar sukuddireba tata, tana cikin jakar aikinta tare da kwamfutar hannu, in abokan aikinta sun tambaya takan ce ta kwance noti ce. Kunnena na hagu ya fara nauyi. Na dama yana nan, kuma da shi nake farawa.